A Gyara Lotsawar Firam ɗin Tsohon Keken BMX ko a Bar Ta?

Mai keken: Assalamu alaikum, malamai da iyayen sana'a. Ina da tsohon keken BMX ƙirar farkon shekarun 1980, firam ɗinsa na ƙarfen kuromoli ne, wato ƙarfe gauraye da kuromiyom da molibdinom, mai rufin kurom mai sheƙi, kuma akwai lotsawa a bututun sama, wanda ya tashi daga wuyan keken zuwa ƙarƙashin sirdi, daidai inda kan keke yake bugawa idan ya juya da ƙarfi lokacin faɗuwa. Faɗinta bai wuce na babban yatsa ba, ba ta da kaifi, kuma ban ga tsaga ba. Wani da ya daɗe a harkar ya ce mini duk wanda ya taɓa irin wannan lotsawa da sunan gyara, ɓarnar da zai yi wa keken ta fi ta lotsawar. Ina neman a faɗa mini ko maganar tana da tushe.

Mai tara tsofaffin kekuna: Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya faɗa maka haka ya yi maka nasiha ta gaskiya. Wasan BMX ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin da yara suka riƙa tsere a kan turɓaya da kekuna irin su Schwinn Sting-Ray suna kwaikwayon masu tseren babur, kuma daga nan ne kamfanoni kamar Mongoose da Redline da GT suka taso. Keken da aka ƙera domin tsalle da faɗuwa, in ya kai shekara arba'in ba tare da tabo ba, shi ne abin mamaki. Abin da masu neman waɗannan kekuna suke dubawa shi ne rufin asali da tambarin asali, kuma kurom ɗin da ya fito da shi daga masana'anta ba ya dawowa in an kankare shi. Za a iya yi masa sabon rufi, amma ya zama keken da aka sabunta, darajarsa a idon masu tarawa daban ce. Ka wanke shi, ka goge tsatsa, ka bar lotsawar inda take.

Mai walda: Alhaji, ina girmama iliminka a kan tarihin kekunan nan, amma kai kana magana ne a kan keken da za a rataye a bango, yaron kuwa bai ce ba zai hau ba. Idan mutum ya yi tsalle ya dira, nauyinsa yana matse bututun sama ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe, yayin da bututun ƙasa yake shan ja. Bututu kuwa ƙarfinsa wajen jure matsi yana cikin zagayensa. Ka ɗauki gwangwanin lemo da babu komai a ciki, ka tsayar da shi, zai ɗauki nauyi mai yawa, amma da zarar ka ɗan lotsa gefensa sai ya murƙushe nan take. Saboda haka ban yarda a ce lotsawa a bututun sama matsalar ado ce kawai ba. A wurinmu aikin sananne ne: a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a narka tagulla a cike ramin, a bi da magagari da samfefa har yatsa ya kasa jin inda aka yi aikin.

Injiniya: Malam mai walda, bayaninka a kan matsi daidai ne, sai dai maganin da ka kawo bai dace da cutar da ka bayyana ba. Tagullar da ka cika ramin da ita tana zaune ne a saman bangon da ya riga ya lanƙwashe zuwa ciki, bangon bai koma zagayensa ba, don haka mafi yawan abin da aka samu kyan gani ne. Kuma kwatancen gwangwani ya yi tsanani, domin bangon gwangwani siriri ne ƙwarai idan aka gwada shi da faɗinsa, alhali bututun BMX na wancan zamani gajere ne mai kauri, an yi shi da niyyar shan wahala. Lotsawa maras zurfi mai santsin gefe a tsakiyar irin wannan bututu ba kasafai take zama silar karyewa ba. Wadda ake tsoro ita ce mai kaifi, wadda ƙarfe ya naɗe ya yi layi, ko wadda take dab da wurin walda, saboda a nan ne wahala take taruwa wuri guda har tsaga ta fara.

Mai walda: To, Hajiya, ai ko kyan ganin ma ba abin yarwa ba ne. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne yadda ake tsorata mutane da wuta, kamar ƙarfen zai narke in ya hango ta. Waɗannan firam ɗin da wuta aka haɗa su tun farko.

Injiniya: A wannan ina tare da kai, amma da sharaɗi. Kuromoli mai lamba 4130 ƙarfe ne da aka gauraya da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kuromiyom da ɗan molibdinom, yana ɗaukar walda da liƙin tagulla, muddin mai aikin bai bar wurin ya yi ja fiye da kima ba kuma ya bar shi ya huce da kansa, ba a tsoma shi a ruwa ba. Tagullar da ake liƙi da ita tana narkewa a wajen digiri 900 na ma'aunin Salshiyas, liƙin azurfa kuwa yana gudana a ƙasa da digiri 700, shi ya sa wasu suka fi son sa a bututu mai siririn bango. Matsalar keken nan ita ce rufin kurom. Tagulla ba ta kama kurom, dole a cire shi tare da nikel ɗin da ke ƙarƙashinsa, zafin kuma zai ƙona rufin da ke kewaye ya bar shi shuɗi da ruwan ƙasa, sannan hayaƙin kurom mai zafi guba ne ga huhu. Ƙarshenta sai an sake rufe firam ɗin gaba ɗaya, wato an kai ga asarar da Alhaji ya yi gargaɗi a kanta, saboda rami mai faɗin yatsa. Ina kuma jan hankalin duk mai karanta wannan cewa maganarmu a kan ƙarfe ce kawai. Akwai kekunan wancan zamani da aka yi da alminiyom, kamar PK Ripper na kamfanin SE Racing, kuma alminiyom mai lamba 6061 yana rasa ƙarfinsa a wurin da aka yi masa walda har sai an sake gasa firam ɗin duka a tanderu na musamman. Ba ya kuma jure a lanƙwasa shi a mayar, tsagewa yake yi.

Makanikin keke: Ku yi haƙuri, malamai, kun tsaya tsakanin wuta da barin abu yadda yake, alhali akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗaya. Ana samun katako mai tauri ko dunƙulen alminiyom guda biyu, a haɗa su a huda rami daidai da kaurin bututun, ta yadda kowane ɓari zai rungumi rabinsa. A shafa giris sosai, a sa bututun a tsakiya, a matse a hankali, sannan a riƙa juya firam ɗin gaba da baya ana ƙara matsewa kaɗan-kaɗan. Dalilin da ya sa hakan yake aiki shi ne, duk inda bututu ya lotsa, gefen ramin biyu sukan kumbura waje, to idan aka danna kumburin ya koma, tsakiyar ramin takan taso. Ba ta ɓacewa kwata-kwata, amma bututun yana komawa kusa da zagayensa, wanda shi ne abin da Malam mai walda yake nema tun farko. Illarta ita ce tana cinye fenti da tambari, kurom kuma yana iya yin ƙananan tsage a wurin, kuma ba ta yiwuwa idan akwai abin riƙe wayar birki a kusa.

Mai tara tsofaffin kekuna: Ka ji ko, ɗana? Kowace hanya aka ambata, sai an biya da rufin asali.

Wani matashi mai hawa: Baba, na ji ana cewa idan aka toshe bututun aka cika shi da ruwa aka sa a firiza, ƙanƙara za ta turo lotsawar waje ba tare da an taɓa kurom ba. Wasu kuma sun ce iska mai ƙarfi ma tana yi.

Makanikin keke: Ƙanena, kada ka gwada ko ɗaya. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi tara cikin ɗari idan ya daskare, kuma ba ya zaɓen wurin da zai tura, yana iya kumbura bututun a inda yake lafiya ko ya fasa shi a tsaye. Iska kuwa ta fi haɗari, domin idan toshiyar ta kuɓuce za ta fita kamar harsashi. Ni abin da ya fi damuna a maganar nan shi ne har yanzu babu wanda ya tambayi mai keken ko lotsawar ita kaɗai ce. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keken. Idan ka ji wani ɗan tudu ko yamutsewa, alama ce an taɓa yin karo da gaba, firam ɗin ya lanƙwashe, kuma wannan ya fi lotsawar kan keke muni nesa ba kusa ba. Sannan ka ɗaura zare a mazaunin tayar baya na dama, ka zagaya da shi ta gaban wuya, ka dawo da shi mazaunin hagu, ka auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. Idan bambancin ya yi yawa, bayan keken ya karkace.

Mai keken: Na gode, Malam. Na shafa ban ji tudu ba, zaren kuma ya nuna tazara ɗaya a ɓangarorin biyu. Nufina in riƙa hawansa a kan titi da fili, ban da manyan tsalle.

Injiniya: In haka ne, ni a ganina maganar da aka faɗa maka ta yi daidai a kan wannan keken, ko da yake ba ta zama doka ga kowane keke ba. Ka goge wurin da kyau, ka duba shi da gilashin ƙara girma a cikin haske, ko ka nemi ruwan gano tsaga, jan nan da ake fesawa a goge, sannan a bi da farin hoda, tsagar ta fito ja. Idan babu komai, ka hau abinka, ka riƙa duba wurin lokaci-lokaci, musamman in ka ga siririn layin tsatsa ya ɓullo a gefen ramin.

Mai walda: Ban sauya ra'ayi a kan keken da za a yi tsalle da shi ba, Hajiya. Wanda zai dira daga tudu a kan bututun sama mai rami, ni shawarata a yanke bututun a sa sabo, rufin asali ya tafi in zai tafi. Kuma tunda Alhaji ya dage a bar shi yadda ya fito, to ya tuna cewa kekunan zamanin da kumfar kariya suke zuwa, mai rigar leda, a bututun sama da wuya da sandar kan keke. A nema masa irin ta shekarunsa a ɗaura, za ta rufe ramin, ta kuma tare kan keken in ya sake juyowa.

Mai tara tsofaffin kekuna: Wannan kam na yarda, Malam, da sharaɗin ya riƙa cire ta bayan ruwan sama, saboda kumfa tana riƙe laima, kuma na ga bututun da tsatsa ta ci a ƙarƙashinta fiye da yadda lotsawa za ta taɓa yi masa.