Shawara kan rubuta bayanan faɗa-wuta da tsutsotsi a gandun daji

Malamin makaranta, Garwa: Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai ɗalibaina gandun dajin Binuwai da ke nan Kamaru domin mu fara rubuta ire-iren faɗa-wuta da tsutsotsin da suke zama su, amma ban san ta inda zan kama ba. Masu sani su taimaka mini.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara neman izinin shugaban gandun, kuma kada ka kunna fitila da dare sai da rakiyar masu gadin daji. Ku ɗaure farin zane tsakanin itatuwa biyu, ku haska shi bayan magariba, a daren da babu farin wata, domin hasken wata yana rage masu zuwa. Farkon damina ya fi albarka, sai dai a lokacin ne hanyoyi ke lalacewa. A Waza, da ta zama gandun ƙasa a 1968, ruwa kan shafe fadamu har mota ta kasa shiga.

Ɗaliba, Njamena: Baba ya yi gaskiya. Zan ƙara da cewa hoto shi kaɗai ba ya isa. Ku ajiye ƙwandalar dala ashirin, wato sefa ɗari, kusa da ƙwaron don a gane girmansa, ku rubuta rana da wuri, sannan ku ɗora a shafin intanet na iNaturalist, inda masana ke taimakawa da suna.

Malamin makaranta: Tsutsar fa, 'yata?

Ɗaliba: Malam, a nan na taɓa yin asara. Na ɗauko wata koriyar tsutsa a bayan gari, na manta bishiyar da na same ta, na yi ta ba ta ganyen mangwaro, ta ƙi ci har ta mutu kwana uku bayan haka. Da yawansu ba sa cin komai sai ganyen da aka haife su a kai, don haka sunan bishiyar shi ne rabin bayanin. Wadda ke cin ganyen kaɗanya daban take da wadda kakanninmu suke samun zaren tsamiya daga gidanta.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Cikin gandu kuwa ba a ɗaukar komai, hoto kawai. Kuma ka ja kunnen yara kada su taɓa gizaka da hannu, gashinta yana sa ƙaiƙayi da kumburi.

Malamin makaranta: Na gode. Gobe zan rubuta takardar neman izini.