Neman kalma: me za mu kira "exposure" a darasin ɗaukar hoto?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ina fassara darasi kan ɗaukar hoton sashen asibiti na tsohon gidan yarin Eastern State da ke Filadelfiya a Amurka, wanda aka buɗe a 1829. Darasin yana kwatanta hoto mai kala da na baƙi da fari, kuma kalmar exposure, wato yawan hasken da ke shiga kyamara lokacin ɗaukar hoto, tana cikin kusan kowane sakin layi. Gobe da safe zan miƙa aikin.

Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Shan haske. Dama idan ya yi yawa cewa muke hoto ya ƙone, idan ya gaza mu ce ya yi duhu. A irin wannan gini zaure duhu ne, taga kuma tana zuba haske. A f/8 (faɗin kafar da haske ke shiga kyamara) da ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara), zauren zai iya neman a bar kafar a buɗe daƙiƙa 2, tagar kuma 1/250 na daƙiƙa ya ishe ta. Ka biye wa zaure, taga ta ƙone. Shi ya sa ake kafa kyamara a kan ƙafa uku a ɗauki hoto uku, ɗaya daidai, ɗaya mataki biyu ƙasa, ɗaya mataki biyu sama, sannan a haɗa su a kwamfuta. Kowane mataki ninka haske yake yi.

Malamar Hausa: Ni awon haske na fi so, ya fi kama da kalmar ilimi.

Mai Hoto: Hajiya, awo aikin mita ne, na'urar auna haske, kafin a danna. Shan shi ne abin da ya shiga bayan an danna. Darasin zai buƙaci duka biyun.

Dattijo: Duk ba wannan ba. Mai kala? Ina launi ya tafi? Ana neman kalma ɗaya, an yar da wadda muka gada. Ita kuma exposure, haskantarwa za a ce, tana da tushe kuma guda ce.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, yaya zan ce da hoton da abin ya yi masa yawa?

Dattijo: An haskantar da shi fiye da kima.

Malamar Hausa: Wannan ya koma aikin fitila, Malam. Mai karatu zai ɗauka filasha aka kunna.

Dattijo: To mu zauna muna aro har jikokinmu su rasa ta cewa. Larabawa ba su ji kunyar ƙirƙira ba.

Mai Hoto: Ranka ya daɗe, kyamara da fim ma aro ne, amma dodon hoto da wanke hoto namu ne, kuma masu sana'ar suka raɗa su. Mai Fassara, ka kula da wuri ɗaya: dodon fim yana jure shan haske da yawa, don haka ana auna inuwa. Kyamarar dijital kuwa idan fari ya ƙone ba ya dawowa, sai a auna taga. Kada ka haɗe jimlolin nan biyu.

Mai Gyaran Hoto: A hoto mai launi matsalar daban ce. A ma'aunin launin haske, hasken rana wajen 5500K ne, ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa wajen 3000K, bango ɗaya sai ya fito kala biyu. A ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a gyara daga baya. A baƙi da fari wannan ya kau, amma koren fenti mai ɓarewa da jan tsatsar gadon ƙarfe suna iya zama toka iri ɗaya. Jar filta ce ke raba su, tana haska tsatsa ta duhunta kore, sai dai tana cin mataki kusan uku, dole a ƙara shan haske.

Mai Fassara: Ga shi kalmar shan haske ta zauna a jimlar Mai Gyaran Hoto ba tare da an tura ta ba. Na ɗauki shan haske, awon haske kuma na mita. Launi zan rubuta a kanun darasi.

Dattijo: A kanu kawai?

Mai Fassara: A cikin bayani ɗalibai kala suka sani, Malam.

Dattijo: Ban gamsu ba. Shan hasken dai na bar muku, amma maganar launi ba ta ƙare ba.