Algaitar jaka ta Ayilan: a ina salon gargajiya ya rabu da na zamani?

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi

Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Na taso ina jin algaita a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan sallah, kuma na saba ganin algaitar jaka ta 'yan badujala, wadda asalinta daga Sikotilan ne. Kwanan baya na gano cewa sautin nan mai sanyi da ke cikin fim ɗin Titanic na 1997 wani kayan kiɗa ne dabam na mutanen Ayilan, wanda suke kira uilleann. Da na bi sawunsa a YouTube sai na ci karo da tsofaffin faifan Séamus Ennis, wani shahararren makaɗin uilleann, na ji kamar ba abu ɗaya ake kaɗawa ba: na fim ɗin yana malala kamar ruwa, na Ennis kuwa yana tsinkewa yana tsalle, har wani lokaci ya yi kamar yana haushi. Shin bambancin gargajiya da zamani a jikin kayan yake, ko a hannun mai kaɗawa?

Malamin makaranta, Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai ka fara sanin yadda abin yake aiki kafin gardamar ta yi maka ma'ana. Ba a hura shi da baki. Makaɗin yana zama ne, ya ɗaura ɗan zugazugi irin na maƙera a ƙarƙashin gwiwar hannu ɗaya, jakar fata a ƙarƙashin ɗayar, kuma daga kalmar gwiwar hannu a harshensu aka samo sunan. Bututun da ke fitar da waƙa yana hawa matakin sauti har hawa biyu cikakku, wato yana bin jerin do-re-mi sau biyu, alhali na Sikotilan sauti tara kacal yake da su. Akwai wasu bututu uku masu gunji ɗaya ba yankewa, da wasu uku masu maɓallai waɗanda ake dannawa da gefen tafin hannu don rakiya.

Abin da ka ji yana tsinkewa ya samo asali ne daga cinyar makaɗin. Yana ɗora bakin bututun waƙar a kan wata 'yar fata da ke cinyarsa, saboda haka idan ya toshe dukkan ramukan da yatsunsa sautin yana ɗaukewa ɗif, kuma da haka yake iya raba kowane sauti da ɗan'uwansa. Wannan shi ne rufaffen salo, wanda Patsy Touhey, da ya rasu a Amurka a 1923, ya shahara da shi. Buɗaɗɗen salo kuwa, inda ake yawan ɗaga bututun ana barin sauti yana bin sauti ba yankewa, an fi danganta shi da makaɗan da ke yawo kasuwa-kasuwa, musamman Johnny Doran, wanda aka naɗi kiɗansa a 1947, ya rasu a 1950. Ka lura cewa dukkan salon biyu tsofaffi ne, don haka kuskure ne a ce malalar sauti ita ce zamani.

Ko a jikin kayan ma, abin da ake kira sabo ya kwana biyu. Tsofaffin na ƙarni na 18 da farkon na 19 ƙuntataccen ciki gare su, muryarsu ƙasa-ƙasa, sun dace da ɗaki. Wasu 'yan'uwa biyu masu suna Taylor, 'yan garin Drogheda na Ayilan da suka koma Filadelfiya a Amurka, su ne suka faɗaɗa cikin bututun a ƙarshen ƙarni na 19, suka ɗaga muryarsa zuwa matakin sautin da ake kira D domin ya cika manyan zaurukan wasa na Amurka. Irin wannan ne yawancin makaɗa ke riƙewa a yau.

Dattijo daga Unguwar Kobi, Bauchi

Malam, bayaninka ya gamsar ta fuskar yatsu da bututu, amma a ganina an bar gini ana zanen bango. Yaro, ka tuna algaitarmu ta fada. Mai busa ba sauti kawai yake jerawa ba, take yake faɗa, kuma wanda ya san kirarin yana jin kalmomin a cikin busar. Wanda ya kwaikwayi sautin bai san taken ba, dattawa suna gane shi tun daga numfashin farko. Haka lamarin yake a can. Kiɗansu na tafiyar hawainiya daga tsofaffin waƙoƙin harshensu aka ɗauko shi, waɗanda mutum ɗaya ke rerawa ba tare da rakiyar kiɗa ba, kuma tsofaffin makaɗa sun tsaya a kan cewa sai ka san baitin kafin ka kaɗa shi, domin inda mawaƙi ke tsayawa ya ja numfashi nan ne makaɗi zai tsaya. Ennis ya yi shekaru a cikin 1940 da wani abu yana zagaya ƙauyukan yammacin ƙasar, sau da yawa a kan keke, yana rubuta waƙoƙi daga bakin masu su, shi ya sa kiɗansa yake magana.

Abin da ba na so a salon fina-finai shi ne yadda ake shafe kaushin. Ana ƙara amsa-kuwwa ta na'ura, a shimfiɗa sautin kibod a ƙasa, a ja kowane sauti har ya yi kamar kuka, sai duk waƙa ta koma ta kewa, alhali yawancin abin da aka gada kiɗan rawa ne mai sauri. Haushin nan da ka ji a sautin ƙasa ba aibi ba ne, makaɗa suna nemansa da gangan, kuma da shi ake gane hannun da ya nuna.

Malama daga Bolari, Gombe

Baba, Allah ya ƙara girma, zan ɗan saɓa maka cikin ladabi. A tsakiyar ƙarni na 20 wannan sana'a ta kusa mutuwa, makaɗa sun ragu ƙwarai, maƙeranta ma 'yan ƙalilan suka rage, shi ya sa aka kafa ƙungiyar Na Píobairí Uilleann a 1968, wadda ke da mazauni a titin Henrietta a Dublin. Amma ƙungiya kaɗai ba ta jawo matasa ba. Abin da ya sa suka ji sha'awa shi ne ganin makaɗansa a cikin ƙungiyoyin kiɗa, irin su Paddy Moloney a cikin The Chieftains, da Liam O'Flynn a cikin Planxty tun daga 1972 yana kiɗa tare da masu jita, da Paddy Keenan a cikin The Bothy Band, sannan Davy Spillane wanda ya haɗa uilleann da ganguna da kayan lantarki. O'Flynn ɗin nan da ya kaɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗa a kiɗan The Brendan Voyage a 1980 ɗalibin Leo Rowsome ne, ya zauna da Willie Clancy, dukansu manyan makaɗan gargajiya, kuma shi Ennis ya bar wa kayan kiɗansa da ya rasu a 1982. Wanda tsoho ya damƙa wa gado da hannunsa, da wuya mu daga nan mu ce ya saki layi. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin jerin al'adun duniya da ake gada, kuma a yau ana koyonsa har a Japan.

Inda na yarda da kai wuri ɗaya ne, kuma shi ne amsata ga ɗalibinmu. Bututun waƙar an gyara shi ne don kowane sauti ya zauna daidai a kan gunjin nan uku. Jita da kibod kuwa an daidaita su da wani lissafi dabam, kuma suna canza sautin rakiya a kai a kai, saboda haka a cikin ƙungiya makaɗi yakan kashe gunjin, ya rage taɓa maɓallan rakiya, ya bar wa abokansa aikin. Idan kana son ka gane salon da kake saurare, ka kasa kunne ko gunjin yana nan a ƙasa, ko kuwa wani kayan kiɗa ne ya karɓi wurinsa.

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na sake sauraren Ennis da wannan kunnen, kuma na ji gunjin da a da ban lura da shi ba. Idan mutum yana son ya koya daga nan Bauchi, da wane salo ya kamata ya fara?

Malamin makaranta, Jekadafari, Gombe

Ƙanena, zaɓin salo yana can gaba. Mai koyo yana farawa da jaka da zugazugi da bututun waƙa kawai, ya ɗauki watanni yana koyon riƙe iska daidai kafin a ƙara masa gunji, kuma wasu malamai da rufaffen salo suke farawa, domin wanda ya iya toshe ramuka sosai buɗewa ba ta yi masa wuya. Babbar matsalarka ita ce hunturu. Harshen da ke cikin bututun, wato ɗan abin da iska ke kaɗawa ya fitar da sauti, na kara ne mai laushi, kuma tunda zugazugi iskar ɗaki yake tura masa, ba danshin baki kamar na algaita, bushewar Disamba da Janairu na iya sa ya canza murya ko ya tsage. Kafin ka biya kuɗi, ka gaya wa maƙerin irin yanayin garinku, ka nemi ya haɗa maka da harshe na biyu, sannan ka fara koyo da damina.