SCR ɗin rektifaya mai fes uku yana ta ƙone min, ina matsalar take?

Ɗan_Fanel:
Salam 'yan uwa masu harkar wuta. Ina kula da injin narka roba a wani ƙaramin kamfanin leda, motar DC ce, rektifaya (mai mayar da AC zuwa DC) mai SCR shida, wato makunnan lantarki da kati ke kunnawa, ke ba ta wuta daga layin bolt 415. Sau biyu kenan a wata guda SCR ɗaya yana yin shot, kuma duk biyun daidai lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta ne, abin haushin ma bireka ba ya faɗuwa sai abu ya riga ya ƙone ka buɗe fanel ƙauri ya dake ka. Oga har ya fara min kallon jabu nake sakawa. Don Allah a taimaka.

Baba_Oskilo:
Wa alaikumus salam. Yaro ai bireka waya yake karewa ba SCR ba. Rabin zagayen wuta a 50Hz milisakan 10 ne kacal, a cikinsa SCR zai iya mutuwa kafin bireka ya farka daga barci. Fiyus na semikondakta ake sawa, irin mai alamar aR, ka duba I²t (ma'aunin bugun wutar da abu zai iya ɗauka kafin ya ƙone) a takardar SCR ɗin, dole na fiyus ya zama ƙasa da shi.

Hauwa_Drives:
Gaskiya ne Baba, amma fiyus ɓarna kawai zai rage, bai hana ta faruwa ba. Ni hankalina na kan juyin nan. Katin da ke kunna SCR ɗin da wutar layi yake daidaita lokacinsa, to in aka juya injin na cikin gudu, janaretan bai gama daidaita ba frikwensi na hawa da sauka, ko kontakta ta haɗa fes biyu kafin na ukun, sai katin ya harba fols, wato siginar kunna SCR, a inda bai dace ba. Sa rilen da ke gane ɗaukewar fes da juyewar jerinsu ya riƙa yanke fols ɗin, kuma a tsayar da injin kafin a juya, ba wai a bar mai gadi ya finciko canjoba yadda ya ga dama ba. Sannan duba sinoba, resista da kafasitan nan da ke gefen kowane SCR, in ta mutu tsallen wuta kaɗai na iya kunna shi ba da izinin kati ba.

Baba_Oskilo:
Haka ne 'yata. In kana da sikof (oscilloscope, mai nuna siffar wuta a allo) ɗora a gefen DC, lafiyayyen rektifaya rifil ɗinsa, wato kaɗawar wutar, 300Hz ne, in ka ga 100Hz fes ɗaya ya tafi. In an buɗe rektifayan gaba ɗaya ka ga wajen bolt 560, wato 415 sau 1.35.

Ɗan_Fanel:
Na gode Baba, na gode Anti. Na buɗe da safen nan, resistar sinoba ɗaya ta tsage, mita ba ta karanta komai. Fiyus kuwa ashe akwai gurbinsu a bayan basba, wanda ya riga ni aikin ya ɗaure biyu da wayar kofa (jan ƙarfe), shi ya sa ban taɓa ganin sun yanke ba. Rilen zan saka gobe in sha Allah, fiyus ɗin ne sai an aiko daga Legas.