Kiɗan Tomb Raider na 1996 ya ɗauke: abin da kowa ya gano

Mai Solda: Assalamu alaikum. Ana yawan kawo wannan koke: gem ɗin, wato wasan bidiyon Tomb Raider, yana tafiya lafiya a PlayStation ko a emuleta (manhajar da ke kwaikwayon PlayStation a kwamfuta ko waya), ana jin bindiga da takun Lara, jarumar wasan, amma babu kiɗa. Kafin a kwance komai, a san cewa Nathan McCree, wanda ya tsara kiɗan, bai shimfiɗa kiɗa daga farko har ƙarshe ba. Yawancin tafiya a kogunan duwatsun Peru shiru ce, sai iska da ƙarar ruwa. Kiɗan yana tashi ne idan Lara ta taka wani wuri da aka ɗana, kamar inda ƙaton dinoso yake fitowa a mataki na uku. Gwajin gaskiya shi ne shafin farko da ke fitowa idan an kunna gem. Idan lafiya, za ka ji busa ita kaɗai ta buɗe, wato obo, mai bakin kara biyu irin na algaita sai dai ta fi ta taushi, daga baya tsirkiyoyi da muryoyi su shigo. Idan nan ma shiru ne, to akwai matsala.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi laifin kwafi ne. Layi (wato track) na 1 a faifan shi ne bayanan gem, sauran sama da 50 kuwa sauti ne zalla irin na faifan waƙa. Wanda ya kwafi faifan a matsayin fayil ɗin ISO ya ɗauki layin farko kaɗai, ya bar sauran. ISO yana ajiye bayit 2048 a kowace sakta (ɗan yankin faifai), sauti kuma yana cin 2352 gaba ɗaya, don haka ba shi da mazauni a ciki. A kwafa da manhajar ImgBurn a matsayin BIN (abin da ke cikin faifan) da CUE (jerin layukansa). Minti ɗaya na wannan sauti kusan megabayit 10 ne. Shi ya sa masu neman rage nauyin fayil suke fara yanke shi, kuma a ganina sun cuci wasan.

Gwaggon Yara: Ƙari a kan na Ɗan Damagaram. Ko fayilolin sun cika, a buɗe CUE ne a emuletar DuckStation, kada a buɗe BIN na farko. Sannan a duba CUE ɗin da Notepad: sunan da ke cikin kowane layin FILE dole ya zo daidai da sunan fayil a folda, harafi da harafi. An canza sunan BIN an manta da CUE, shi ke nan an rasa. Layin farko ya nuna MODE2/2352, sauran su nuna AUDIO. Mai waya ya fi samun sauƙi idan ya haɗe su wuri guda da umarnin chdman createcd, ya fitar da fayil ɗin CHD ɗaya.

Mai Solda: Haka ne, Hajiya. Wani gwajin mai sauri: a shiga gidan Lara. Bayanin da take yi na tsalle da iyo daga layukan sauti yake fitowa, haka ma ɗan ƙararrawar da ke kaɗawa idan an gano ɓoyayyen wuri.

Na Bakin Kasuwa: Ga masu faifan asali, ku juya shi ku kalli baƙin bayansa a haske. Na'ura tana karantawa daga tsakiya zuwa baki, bayanan gem na ciki, kiɗa na waje. Karce a gefen baki zai sa kiɗa ya riƙa tsalle ko tsinkewa alhali gem bai taɓa tsayawa ba. Sakta ta bayanai tana da ƙarin kariyar gyaran kuskure, ta sauti ba ta da wannan ƙarin. A goge da tsumma mai laushi daga rami zuwa baki, kada a bi zagaye. Idan faifai fes yake amma yana tsalle, a share idon na'ura mai karanta faifai da auduga da ɗigon sifirit. Samfurin PlayStation na farko, irin SCPH-1001, hanyar da idon ke bi tana cinyewa har ya karkace, dalilin da ya sa kifa na'urar yake taimakawa na ɗan lokaci. Maganin ɗorewa sai canza kan idon. Kuma kada a kunna layi na 1 a rediyon CD da ƙara sama, wasu na'urorin ƙugi suke fitarwa mai cutar da lasifika.

Makaɗin Fiyano: 'Yan'uwa, mai faifan kwamfuta na DOS kada ya wahalar da kansa, yawancin kiɗan ba a sa shi a wannan bugun ba tun daga kamfani. Wani abin da ake ruɗewa: abin da ake ji a 1996 ba taron makaɗa ba ne a zaure. McCree ya haɗa shi ne da na'urorin kwaikwayon sauti a kamfanin Core Design, wanda ya yi gem ɗin, da ke Derby, a Ingila, kuma iya jera shi ne ya sa kunne yake yarda. Sai a Disamban 2016 aka kaɗa shi kai tsaye a Landan, a 2017 kuma ƙungiyar makaɗa ta Royal Philharmonic Orchestra ta naɗe shi a situdiyon Abbey Road. Ku saurari obon a duka biyun da abin kunne. A na 2017 ana jin tsayin numfashin mai busa yana juya sautin, a na farko kuwa sautin a miƙe yake, sanyi ƙalau, kuma shi ya fi dacewa da kogon da babu kowa.