Holmes ko Christie? Mai littattafai ya ba ni zuwa Juma'a

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. 'Yata ta fari shekararta 15, tana gida dogon hutu, kullum idonta na kan wayar mamanta. Na ware naira 20,000 in saya mata abin karantawa. Wani mai tsofaffin littattafai da nake hulɗa da shi ya ajiye mini kaya biyu. Na farko kundi guda mai ɗauke da duk labaran Sherlock Holmes, mai binciken laifuka, sabo fil a leda, 18,000, sai dai rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Na biyu littattafan Agatha Christie, su ma na binciken laifuka, guda goma sha biyu 'yan gwanjo, takardun duk sun yi ja, 20,000. Ya ce zai jira ni zuwa Juma'a. Ni a wannan fanni labarin karen Baskerville kaɗai na taɓa karantawa, shi ma wanda aka sauƙaƙa wa 'yan makaranta. Don Allah wanda ya karanta su da kansa ya gaya mini wanne zai riƙe yarinya, wanne ne Turancinsa ba zai kore ta ba, kuma ko akwai abin da bai dace da shekarunta ba.

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam. Alhaji bar waɗannan duka, ka nemo James Hadley Chase. Mu da shi muka koyi Turanci, ba a aji ba. Littafi ɗaya sai ya zaga layinmu kaf har bangonsa ya fita.

Bazazzagiya: Haba Ɗan Tasha, ka karanta tambayar kuwa? Yarinya 'yar shekara 15 aka ce. Hoton bangon Chase kaɗai ya isa uwarta ta cusa shi a murhu. Baban Yara, ka ɗauki na Christie. Ina aji huɗu wata ƙanwar babana ta ba ni na jirgin ƙasan nan da ya taso daga Santambul dusar ƙanƙara ta tare shi a hanya, na 1934. Na fara bayan la'asar, aka ɗauke wuta, na ci gaba da fitilar ƙwai har aka kira assalatu. Matar ba ta ɓoye maka komai. Duk alamun da Poirot, mai binciken da ke labarin, ya gani kai ma ta ajiye maka su a gabanka, amma sai ta ja hankalinka wani wajen. In ka kai ƙarshe dole ka koma baya kana duba inda ta wuce da kai. Wannan komawa bayan ita ce za ta raba yarinya da waya. Turancinta kuma yawanci hira ce, mai sauƙi.

Malamin Turanci: Ni Holmes zan ce, kuma ga dalilina. Kundin nan, in cikakke ne, gajerun labarai 56 ne da dogaye huɗu. Wanda bai saba karatu ba gajere yake buƙata, wanda zai gama a zama ɗaya ya ji ya yi wani abu. Kada ta fara daga shafin farko. Littafin farko na 1887 yana kaiwa tsakiya sai ya bar Landan ya tafi jihar Utah ta Amurka, ɗalibaina da yawa a nan suke ajiyewa suna zaton an haɗa musu da wani littafi daban. Ta fara da labarin masu jan gashi. Akwai wurin da Holmes ya ƙwanƙwasa ƙofar wani shago kamar mai tambayar hanya, alhali gwiwar wandon yaron shagon ya je dubawa. Ranar da na karanta wa 'yan ajina wannan, sati guda suna duba takalman juna suna faɗin inda kowa ya biyo. Shi Conan Doyle, marubucin labaran Holmes, likita ne, kuma daga wani malaminsa a Edinbura, Joseph Bell, ya ɗauko wannan hali na lura. Abu ɗaya zan gaya maka tsakani da Allah: littafi na biyu, na 1890, yana buɗewa ne Holmes na yi wa kansa allurar hodar iblis. Abokinsa Watson ya yi masa faɗa a kai a wurin, amma ka san da shi, ka zauna da ita ku yi maganar.

Bakano Mai Shago: Sha biyu a 20,000 ai kyauta ya ba ka. Ni ina sayar da su, guda 2,500 nake bayarwa kuma ba sa kwana.

Uwar Biyu: Wace irin kyauta? Bara na sayi shida a bakin titi, 700 kowanne. An ga Alhaji da babbar riga ne kawai.

Bakano Mai Shago: Hajiya, bara ai ba bana ba ce. Buhun shinkafa ma nawa yake bara?

Ɗan Birni: Nan Abuja na ga irin wannan kundin na Holmes 35,000, mai bango mai tauri. In an ce maka 18,000 sabo, buɗe ledar kafin ka biya.

Na Damagaram: Gaisuwa ga kowa daga Zinder. Mu nan a lakkol, wato makaranta, Maigret muka sani, ɗan sandan binciken nan na marubuci Simenon, littafi 75 ya rubuta a kansa. Shi ba ya rarrafe da madubi yana neman sawu. Zai shiga gari ya zauna, lofe a baki, yana sauraren mutane har ya gane abin da ya kai mutum ga kisa. Wani lokaci ma tausayin mai laifin za ka ji. Jikka guda ta sefa nake sayen tsohonsa. Sannan don Allah 'yan'uwa, sunan Poirot, mutumin nan na Beljiyam, Puwaro ake faɗi, harafin ƙarshe ba ya fita.

Bakano Mai Shago: Ka gaya wa Zage-zagi, su ne ke cewa Foyirot.

Bazazzagiya: Bakanon da ke sayar da littafi bai taɓa wuce farashin da ke bayan bango ba, shi ne zai gyara mana suna?

Ɗan Reluwe: Ku yi haƙuri, ganin sunan Christie ya tayar mini da wani tsohon miki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi Kafanchan ya yi Zariya. Ya bar mini adaka ta ƙarfe cike da littattafanta, sun haura arba'in. Yana da wata ɗabi'a: in yana karatu ya zargi wani, sai ya ɗauki fensir ya rubuta sunan a gefen shafin, da kwanan wata. In ya canza ra'ayi ya ja layi a kai ya rubuta wani a gaba. A ƙarshen littafi kuma ya sa "na ci" ko "ta ci ni". Na ƙirga, "ta ci ni" ta fi yawa nesa ba kusa ba. Bayan rasuwarsa in na ɗauki ɗaya, ji nake kamar muna zaune tare a zaure muna gardama.

Shekara shida da suka wuce wani abokina, tare muka taso, ya buɗe makarantar koyar da yara da yamma. Ya ce in ara masa su zango ɗaya yara su amfana. Na ɗauki adakar da hannuna na sa masa a bayan mota. Zango ya wuce, shekara ta wuce. Yau ya ce suna wurin ɗalibai, gobe ya ce makullin ɗakin ya ɓata. Makarantar ta rufe, ya koma wani gari. Rannan na aiki yaro ya sayo mini ƙosai da safe, ina buɗe takardar da aka naɗe shi, mai ya jiƙa ta, sai ga rubutun fensir a gefe. Hannun mahaifina ne, yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafin y ba zan taɓa mantawa ba. Na bi yaron har wurin mai ƙosan. Baiwar Allah ta ce a kilo ta saya wurin 'yan gwangwan. Abin da ya rage a kwalinta bai fi shafi talatin ba, daga littattafai daban-daban. Na biya ta na kwashe. Suna nan a ambulan, har yau suna ƙanshin man gyaɗa.

Uwar Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Malamin Turanci: Amin. Ka yi masa magana kuwa?

Ɗan Reluwe: Na kira shi. Cewa ya yi, "Yanzu a kan tsofaffin takardu za ka ɓata zumunci?" Tun ranar ban sake kiransa ba.

Ɗan Tasha: Allah ya isar maka. Ina son sanin abin da Baba ya rubuta a na Roger Ackroyd, don wannan kam ba wanda zai ce wai ashe mai kisan shi ne

Bazazzagiya: Kul! Ɗan Tasha kada ka ƙarasa. Tun 1926 mutane ke rufa wa wannan littafi asiri, ba a bakinka zai tonu ba.

Ɗan Reluwe: "Ta ci ni" ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Malamin Turanci: Mu dawo kan yarinya. Shekara 22 ina koyar da 'yan wannan aji, na san inda suke tsayawa. Littafi mai shafi 200 da mutum goma sha biyar masu sunayen Turawa, kafin babi na huɗu ta rikice.

Bazazzagiya: Malam, da girmanka, kai ka koyar da 'yan mata, ni kuwa na taɓa zama yarinya 'yar 15. Kundi mai nauyin bulo da rubutu kamar tururuwa, kallo ɗaya za ta yi masa ta ce aikin makaranta ne. Ƙaramin littafi kuwa za ta sa a hijabi ta shiga da shi kicin. Kuma in akwai na Miss Marple a ciki, za ta ga tsohuwa 'yar ƙauye mai saƙa tana warware abin da ya gagari 'yan sanda, don kawai ta san halin maƙwabtanta. Wace yarinya ce ba ta da kaka irin wannan? Abu ɗaya, Baban Yara: ka duba ko akwai na mutum goma a tsibiri, na 1939. Tsofaffin bugun Ingila sunan da ke bangonsu zagin baƙar fata ne, daga baya aka canza. In shi ne, ka san abin da za ka ce mata.

Ɗan Birni: Ni ba wannan ya dame ni ba. Na taɓa sayen na kogin Nilu, sabo a leda, bugun satar fasaha ashe. Poirot ya tara mutane zai yi bayani, na juya shafi sai na ga babi na uku ya sake dawowa. Shafi goma sha shida na ƙarshe babu. Na koma wurin mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa. To ta yaya zan san babu ƙarshe in ban buɗe ba?

Bakano Mai Shago: Ba duka muke haka ba. Ni ina canzawa. Amma masu aro sun fi masu bugun sata kashe mana kasuwa, mutum ɗaya ya saya, unguwa guda ta karanta.

Uwar Biyu: Su karanta mana, su dai dawo da shi. Matar ƙanen mijina ta ɗauki uku tun bikin sunan autana, yanzu yaron yana aji biyu. In na tambaya sai a ce na cika ƙanƙanta.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan Reluwe, Allah ya jiƙan mahaifi. Gobe zan je in buɗe ledar, in kuma duba shafin ƙarshe na sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Amma har yanzu Malam na ja nan, Bazazzagiya na ja can. Ko in tafi da ita ta zaɓa da kanta?

Uwar Biyu: Duk wanda ka saya, ka rubuta sunanta a gefen takardun da biro, ta yadda ko an yage bango ana gani. Ɗan Reluwe, wace unguwa mai ƙosan take? Ina da ɗan'uwa a harkar gwangwan, bari in tambaye shi ko sauran suna wani wuri.