Cressidar Baba ta shekara biyu a ajiye, ina so in hau Ɗa'ifa da ita a sanyin bana

Ɗan Autan Jidda: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin motoci. Mahaifina yana da Toyota Cressida ƙirar 1989, mai injin 22R da kafireto, giyar hannu. Tun da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, shekara biyu ke nan tana tsaye a ƙofar gida lulluɓe da tamfol. Yanzu Nuwamba ta kama, gari ya fara daɗi, ina so in tashe ta in riƙa zagawa Abhur, bakin tekun Jidda, da yamma. Babban burina dai in ɗauki Baba mu hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada, wadda ke hawa kan dutse. Batir ya mutu murus, tayoyi biyu sun sace, fentin rufin ya ƙone ya yi fari-fari, istimara, wato takardar rajistar motar, ita ma ta ƙare. Kuɗin da na ware ba su taka kara sun karya ba. Abokina ya ce in sa sabon batir in murza makulli kawai, wai Toyota ba ta mutuwa. Ni kuma raina yana kan fenti, don ganinta haka yana min ciwo. Ta ina zan fara?

Baba Makanike na Sana'iyya: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka kuskura ka murza makullin nan. Fetur ɗin da ya kwana bazara biyu a tanki cikin zafin Jidda ya tashi daga fetur. Buɗe murfin ka sansana, za ka ji warin tsohon fenti. In ka ja shi cikin kafireto zai toshe 'yan ƙananan hujojin da mai ke bi, aikin yini ɗaya ya zama na mako. A zuƙe shi kaf, a canja filtar mai, a duba tiyon roba da ke kai mai gaba. Tiyon nan shi na fi tsoro: ka lanƙwasa shi da yatsa, in ka ga tsage-tsage ko ya yi tauri, cire shi ka yar. Ɗigon fetur a kan inji mai zafi shi ke cinye irin waɗannan motoci, ba tsufa ba.

Sannan baƙin mai. Duk wanda ke jikin ƙarafan sama ya daɗe da gangarowa ƙasa, injin a bushe yake. Juye tsohon, sa sabo da filta. Kwance fulogi huɗun, ka ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Washegari a sa sifana a juya injin da hannu. In ya juya sumul, sai a sa batir a yi ta ba shi sitata ba tare da fulogi ba har fitilar mai ta mutu. Bayan nan ne za ka mayar da fulogi ka tashe ta. In ta tashi ka kasa kunne a gaban injin. 22R sarƙa gare shi, ba bel ba, kuma abin da ke riƙe sarƙar yakan ci. In ka ji kacau-kacau da ba ya ɗaukewa, kashe ta ka kira mai gyara.

Fenti kuwa, bar shi sai baɗi. Mota ba ta taɓa tsayawa a hanya don rufinta ya koɗe ba.

Abu Kyanwa: Kafin komai ɗaga bonet ka leƙa. Kuliyoyin Jidda ba sa biyan haya, ɓeraye kuma suna son wayar wuta. Ni a tawa sheƙa guda na tarar a gidan filtar iska, har da ƙashin kaza.

Mai Banshar a Makka: Ƙanena, maganar taya tawa ce. Kada zanen ya ruɗe ka, taya tana iya zama da zane cif amma robar ta mutu. Duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017 ke nan. A ƙasar nan duk tayar da ta haura shekara biyar ba na ba mutum shawarar hawa babban titi da ita, balle wadda ta zauna a sace nauyin mota yana danne gefenta. Canja huɗun, kuma ka ciro safayar but ka duba. Na sha ganin safaya mai lamba uku kacal, wato tun kafin shekarar 2000 aka yi ta.

Kawu Direba: Ni dai shawarata a cire tamostat a huta. Haka muke yi tun da, ruwa ya yi ta zagayawa, allura ba ta tashi.

Baba Makanike na Sana'iyya: Alhaji, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Cire tamostat ɓoye ciwo ne. In mota tana zafi, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko kulocin fanka ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. A nemo wanne ne. Kuma yaron nan Ɗa'ifa zai je cikin sanyi, injin da ba tamostat ba zai ɗumama yadda ya kamata ba, sai shan mai da baƙin hayaƙi. A wanke lagireto, a sa sabon murfi da sabon tamostat, a zuba ruwan lagireto na galan, ba na famfo ba. Tiyo na sama da na ƙasa a matsa su, wanda ya yi laushi ko ya kumbura a bakin ɗauri ya fita. Fambel ma haka.

Kawu Direba: To Malam, na bar maka ɓangaren inji. Amma hanyar Hada ni zan faɗa, don na ci abinci a kanta. Ɗana, kowa hawan yake tsoro, alhali saukowar ce mai kisa. Daga Makka da ke ƙasa za ka tashi sama wajen mita 2,000 a kan Hada, kwana bayan kwana. A hawa in ta yi zafi sai ka raɓe ka jira. A gangara in birki ya tafi babu wurin jira. Man birki yana shan danshi daga iska, ka kuwa san danshin Jidda. Man da ya sha ruwa, da ya ɗau zafi sai ya tafasa, ka taka feda ta nutse har ƙasa ba komai. Saboda haka a juye shi duka a sa sabo, a buɗe ƙafafun huɗu a ga ko wani birki ya kama ko yana yoyo, a duba tiyon birki na roba. Ranar saukowa ka riƙe giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe maka motar, birki kuwa taka ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kai.

Wani abu kuma, can sama za ka ji ƙarfinta ya ragu. Iska ce ta yi ƙaranci, motar kafireto ba ta iya daidaita kanta kamar na yanzu. Kada wani ya ce zai murɗa maka kafireto a bakin hanya, da kun sauko za ta dawo daidai. Kuma a sanyi hazo yana rufe Hada, wani lokaci a rufe hanyar gaba ɗaya. Tafiyar farko ka bi ta Sail, ta fi nisa amma hawanta a kwance yake. In ta je ta dawo lafiya, sai ka gwada Hada. Akwai birai kuma a hanyar Hada, kada Baba ya buɗe gilashi ya ce zai ba su ayaba.

Hajiya Ummu Banat, Madina: Duk kun yi maganar ƙarfe, ba wanda ya taɓo takarda. Ɗana, ba za a sabunta istimara a Absher, manhajar gwamnati, ba sai da fahas mai aiki, wato gwajin lafiyar mota, da ta'amin, wato inshora, kuma an biya duk tarar da ke kanta. Tunda da sunan Baba take, ta asusunsa za a yi, kuma ya ba ka izinin tuƙa ta a nan cikin Absher ɗin. Zuwa gareji ka kira sataha, motar ɗaukar mota, ta ɗauke ta, kada ka ja ta a titi da birkin da ba a gwada ba. Kafin ranar fahas ka duba fitilu duka, da hon, da waifa, ka tanadi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Waifa kada ka raina ta, ruwan Jidda ai a sanyi yake zuwa, wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ya sani. Ni da na fara tuƙi bayan an ba mata dama a 2018, tsohuwar motar maigidana na gada, kuma yoyon mai ne ya mayar da ni daga fahas.

Ɗan Kasuwar Haraj: Ko dai ka sayar min ka huta da wahala? Yadda take ɗin nan zan ɗauka.

Ɗan Autan Jidda: Yaya, ko na yarda Baba ba zai yarda ba. Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Yau da safe na buɗe tankin, warin kamar yadda Baba Makanike ya faɗa. Tayoyin 2016 ne. Na ɗaga kafet ɗin but kuma na tarar da tsatsa a ramin safaya, har yatsana ya shige wuri guda. Wannan zai hana ta cin fahas? Sannan esi ɗin ba na jin yana da sauran gas.

Baba Makanike na Sana'iyya: Tamfol ɗin nan ne ya riƙe mata danshi da gishirin teku. Ramin safaya ba shi ke ɗauke da mota ba, mai walda zai yanke ya sa faci. Amma tunda ta ci can, in an ɗaga ta ka sa a ƙwanƙwasa ƙarƙashinta da guduma, musamman inda ƙafafun baya suka kama jiki da bututun birki na ƙarfe. In can ne ta ci, ka dawo mu sake lissafi kafin ka sayi taya. Esi kuwa na zamanin gas ɗin R12 ne, sai an juya shi zuwa R134a, kuma ba a haɗa su biyun. Ba ka buƙatarsa kafin Maris. Ƙananan kaya irin su murfin fitila da hannun ƙofa ka leƙa tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, amma duk abin da yake roba ne ko na birki, sabo za ka saya. Turo min hoton ƙarƙashin in sataha ta sauke ta.